Mabuɗin Da Na Ce Na Goge

Karatuna bai yi nisa ba. Na gama firamare a Kende, na taɓa sakandare shekara biyu, mahaifina ya rasu, na koma gona. Tafireta ce ta fitar da ni daga gona. Na koyi buga ta a Bagudo, na yi shekaru ina buga wa mutane takardu a bakin kasuwa, har kwamfuta ta zo ta kashe sana'ar. Ban yarda ta binne ni tare da tafireta ba, na lallaɓa na koye ta ita ma, furfura tana fito mini.

A haka wata ƙungiyar manoma da makiyaya ta buɗe ɗan ofishi mai ɗaki biyu, da sola a kan rufi, ta ɗauke ni in kula da na'urorinta. Kwamfutoci uku ne tsofaffi, irin waɗanda ake shigowa da su ta iyakar Benin. Mutumin da ya zo daga Birnin Kebbi ya haɗa su ya ce tsufansu ba zai ɗauki komai ba sai manhajar da ake kira Linux. Ya zauna da ni mako biyu, ya cika mini wani littafi da umarnin da ake bugawa a baƙin allo, sa'an nan ya ba ni kalmar sirrin rut, wato babban mai iko a kan na'urar, wanda ke girka abu ya cire abu ba mai tambayarsa.

Na so aikin nan. Ni na ja wayar da ta haɗa kwamfutocin uku ta cikin bango. Ni na ɗaure abin kamo sabis a kan gora mai tsawo, ina juya shi har ya kama. In za a sabunta manhaja, sai in bari rana ta ɗaga batir ya cika, don in wuta ta yanke a tsakiyar sabuntawa, na'ura kan tashi da rabin hankali. Mutane suna leƙowa su ga tsoho yana buga rubutu a baƙin allo, na'ura tana amsa masa. Ba zan ɓoye ba, kaina ya kumbura.

Malamin dabbobi na ƙungiyar ɗan kawuna ne, taubashina. Shi ke yawo ruga ruga a kan babur da akwatin allura. In ya shigo ofis, kafin sallama ta huce sai ya ce, "Malamin baƙin allo, yau aljanun naka sun karya kumallo?" Ni kuma in ce masa ya tsaya daga bakin ƙofa, warin kashin shanu yana ɓata mini na'ura.

Wata rana ya shigo ba wasa a bakinsa. Yana so ya riƙa rubuta bayanin garkunan da yake yi wa rigakafi: na wane, nawa ne, ina suke mashaya, yaushe suke ƙetarawa Benin da rani, wane ciwo ya taɓa shiga cikinsu. Ya ce takarda ruwa yana cinye ta, kansa kuma ya fara mantuwa. Amma Arɗon rugagen ya gindaya masa sharaɗi. Duk wanda ya zauna da Fulani ya san ba a tambayar mutum yawan shanunsa, balle a ce a rubuta.

"Arɗo ya ce in dai ido biyu za su gani bayan nawa, a bar maganar," in ji shi. "Na ce masa ni kaɗai. To, kai mai aljanu, akwai yadda za a kulle abu kai ma ba ka gani?"

Akwai. A littafina akwai shafi guda a kan haka. Ana ware wani sashe na faifan ajiya, na'ura ta dagula duk abin da aka rubuta a ciki, ta yadda ko ɓarawo ya cire faifan ya tafi da shi, shirme kawai zai gani. Ko rut ba ya buɗe sashen in yana kulle, sai da kalmar da aka kulle shi da ita. Kuma kwaɗon yana karɓar mabuɗi fiye da ɗaya. Yadda aka koya mini shi ne, in kulle da tawa kalmar in gwada, mai abin ya sa tasa, sa'an nan in goge tawa a gabansa.

Na kulle, na gwada, ya yi. Na juya fuskata bango ya buga tasa da yatsa ɗaya, yana cewa in na waiwayo zai yi mini allurar jakai. Da ya gama ya ce, "Ka goge taka?"

Na buga wani umarni da ba shi da alaƙa da gogewa, rubutu ya gudu a allo, na ce, "Na goge."

Ina da dalili a lokacin, kuma ba dalilin banza ba ne. Mutumin da ke manta inda ya aje hularsa, in ya manta kalmar fa? Aikin duka ya tafi, ba mai dawo da shi. Da na faɗa masa haka, ƙila ya yarda, ƙila ya koma ya tambayi Arɗo, ƙila a ce a rubuta kalmar a rufe a ba liman. Duk hanyoyin nan a buɗe suke. Na zaɓi in yi shiru, domin a can ƙasan zuciyata ban iya jure a ce akwai ɗaki a cikin na'urata da ba ni shiga.

Na fi shekara ban taɓa mabuɗin ba. Sai lokacin babbar sabuntawa ya zo, irin wadda ake sauya tsarin gaba ɗaya. Taubashina yana daji wajen Sharabi, kwana huɗu. Na yi sabuntawar da hantsi, na'ura ta tashi lafiya. Sai na ce bari in tabbata sashen nasa yana buɗewa a sabon tsarin. Ya buɗe. A nan aikina ya ƙare, abin da ya rage in rufe. Na karanta layi ɗaya, na karanta na biyu. Azahar ta same ni ina karatu. Daga ranar, duk sanda ya tafi daji sai in leƙa. Ba na yin komai da abin da na gani, daɗin sani kawai nake ji.

Da bazara, wata ranar kasuwa bayan la'asar, muna zaune a gindin bishiyar da muke hira. Wani mahauci yana ta yabon jajayen shanun wani makiyayi da ke mashaya kusa da wani ƙauye a hanyar Lafagu. Ya ce duk yankin nan ba garke mai lafiyarsu. Kowa yana tofa albarkacin bakinsa, ni ba wanda ya tambaye ni komai. Sai na ji bakina ya ce, "Lafiyar ido ke nan. Ciwon huhu ke cikinsu."

"Kai kuma wa ya faɗa maka, kai da ko akuya ba ka da ita?" in ji mahaucin.

Na yi murmushi irin na wanda ya san abu. Ban ƙara ko kalma ba, ba a kuma buƙaci in ƙara ba.

Kafin mako ya zagayo, mutanen ƙauyen sun hana garken mutumin shan ruwa a mashayar. Ban ga laifinsu ba, kowa yana tsoron nasa. Ya nemi wata mashayar, labari ya riga shi. A tsakiyar zafin nan ya tattara iyalinsa ya kora shanunsa ya ƙetara Benin, tafiyar da bai shirya ba, maruƙa suka yi ta faɗuwa a hanya. Kuma abin da na karanta zato ne kawai. Taubashina ya rubuta cewa yana zargin ciwon huhu, ya koma ya duba ya tarar ba shi ba ne, bai dai samu zama ya gyara rubutun ba.

Arɗo ya aiko masa da saƙo cewa kada baburinsa ya sake tsayawa a bakin kowace ruga. Ga rigakafin shekara ya matso, wanda ake yi kafin ruwa ya sauka. Taubashina ya zo ofis ya zauna a benci, idonsa ja.

"Ban faɗa wa kowa ba, ko uwar ɗiyana," ya ce. "Shekara ashirin ina cin tuwo da mutanen nan. Don Allah ka duba mini, ko wani ya shigo ta wayoyin nan naka."

Wannan ne wurin da na fi jin kunyar rubutawa. Na duba masa. Kwana biyu ina bincike a kan abin da na san amsarsa. Na buɗe kundin da na'ura ke rubuta duk wanda ya shiga da lokacin da ya shiga, ina bi layi layi yana tsaye a kaina, shi bai san yadda ake karanta shi ba. Na toshe ƙofofin da na'ura ke magana da waje ta cikinsu. Na sauya kalmar sirrin netiwok. Na hau na sauko da gorar nan na mayar. Ya sayo mini fura da nono, yana ta sannu da aiki. A ƙarshe na ce masa duniyar intanet faɗi gare ta, ɓarayinta ba a ganin sawunsu.

Can ya ce, "To shi ke nan. Gobe in Allah ya kai mu zan tafi wurin Arɗo da alwalata. Zan dafa Alƙur'ani a gabansa, in rantse ban faɗa ba, kuma ba mai mabuɗin wanga abu sai ni. In ya yarda, to. In bai yarda ba, na fita."

Ya miƙe zai tafi. Na ga mutumin da zai ɗora hannunsa a kan Littafin Allah ya rantse a kan ƙarya, ƙaryar kuma tawa ce, shi bai ma san yana ɗauke da ita ba. Na ce ya dawo. Na buga umarnin da ke nuna mabuɗan kwaɗon. Layi biyu suka fito a cike.

"Mi ke nan?"

"Na ƙasa naka ne. Na sama nawa."

Ya daɗe yana kallon allon. Na faɗa masa sauran, har da gindin bishiya da mahauci. Na so ya zage ni, ko ya ɗaga hannu. Abin da ya ce kawai shi ne, "Har furata ka sha."

Da safe ya goya ni a babur. Daga Bagudo muka miƙe har rugar Arɗo. Arɗo tsoho ne siriri, yana zaune a kan tabarma da dattawa uku. Bayan gaisuwa taubashina ya ce, "Allah shi daɗe da ranka, ga wanda zai yi bayani." Na yi bayanin, kaina a ƙasa. Na yi ƙoƙarin fassara yadda kwaɗon yake, Arɗo ya ɗaga hannu.

"Malam, bar zancen ƙarfe. An ce ka jefar da mabuɗi, ka sa aljihu. Ko ba haka ba?"

"Hakanan ne."

Ya juya ga taubashina. "Likita, kai ba ka ci amana ba, na ji, kuma na ji daɗi. Amma ka yi mini alkawari a kan ƙofar da ba kai ka kafa ta ba. Wanga kuskurenka ne." Ya ce allura a zo a yi, shanu ba su yi wa kowa laifi ba. Rubutu kuwa an gama shi. Wanda aka riga aka yi, yana so ya ga ƙarshensa da idonsa.

Ranar kasuwa Arɗo ya zo ofis da sandarsa. Na nuna masa cewa in aka goge mabuɗan biyu, abin da ke ciki ya tafi har abada, ko wanda ya ƙera na'urar ba ya dawo da shi. Wannan gaskiya ce. Ya saurara har na gama, sa'an nan ya tambayi taubashina, "Kai ka iya gane ya goge ko bai goge ba?" Taubashina ya ce bai iya ba. Ni kaɗai ne mai karanta allon, ni ne kuma wanda ba za a karɓi shaidarsa ba. Na ɗauko sukundireba na kwance na'urar, na ciro faifan, na miƙa wa Arɗo da hannu biyu. Ya juya shi, ya auna nauyinsa a tafin hannu, ya sa a jakarsa. Aikin taubashina na kusan shekara biyu ya fita ta ƙofa a kafaɗar Arɗo. An yi rigakafin a makon da ya biyo, ruwa bai riga su ba.

Ranar nan, kafin Arɗo ya fita, na roƙe shi gafara. Ya ce nasa ɓangaren ya yafe, amma maruƙan ba nasa ba ne, ba shi da ikon yafe su. Mai jajayen shanun bai dawo ba. An ce ya sami wuri can cikin Benin ya zauna. Na ba fatake saƙo sau uku, na faɗi abin da na yi ba ragi, na ce a gaya masa likita ba shi da hannu. Na ƙarshensu ya ce ya same shi a bakin rijiya ya isar, mutumin ya saurara har ƙarshe, ya tambayi lafiyar likita, ya ci gaba da jan gugarsa.