Tsohuwar da ta ce ƙanwata 'yarta ce

Wayata ce ta yi gurnani a kan farantin da nake tsince shinkafa. Saƙon murya ne daga ƙanwata, ma'aikaciyar jinya, wadda ta bar asibitin koyarwa na nan kusa da mu a Gyaɗi-Gyaɗi ta tafi aiki Amurka. Ni na rene ta bayan rasuwar Innarmu.

"Yaya, albishirinki! Na yi uwa."

Wai wata tsohuwa da ta yi jinyarta ce ta tara danginta, ta yafa mata bargo, ta ce daga yau 'yarta ce. Mutanen asalin ƙasar ne, tun kafin zuwan Turawa. Na mayar mata da saƙo, na ce wace ƙabila? Ta faɗi sunan da Turanci, na juya shi a raina: hankaka.

Shinkafar nan ba ta dahu da daɗi ba ranar. Mu nan da me aka san hankaka in ba ɗauke 'ya'yan wasu ba? Na shiga ɗaki, na fito, na sake shiga. Na hau adaidaita zuwa kasuwar Tarauni, na dawo ban sayi abin da ya kai ni ba. Maigidan ya ce, "Hajiya, tsuntsu ne zai aure ta?" Ban yi dariya ba.

Bayan la'asar na kira ta. Na ce, "Ke, sallarki fa?"

"Yaya, tsohuwar ce ma ke tuna mini lokaci. Kuma ba hankaki ba ne."

Ashe sunan da suke kiran kansu Apsaalooke ne, wato 'ya'yan tsuntsu mai babban baki. Tafintocin Turawa ne suka ga dama suka ce hankaka, sunan ya bi su. Ta ce a da mahaya dawaki ne masu farautar ɓauna, har aka ƙarar da ɓaunar, aka yi ta yanke musu ƙasa. Yanzu tsofaffi na fama yara su riƙe harshen. Su ta wajen uwa ake gadon zuri'a, shi ya sa da tsohuwar ta ji yarinyar nan ba ta da uwa, abin ya tsaya mata a rai. A wurinsu kamar mutum ne a tsaye a fili, ba rumfa.

Na ji tausayinsu, wallahi. Amma kishin bai tafi ba. Ni da na yi mata kitso, na kai ta islamiyya, ni ba uwa ba ce? In ta samu dangi a can, me zai dawo da ita?

Ina kwashe shanya ina ta mita ni kaɗai, ban san autata na zaune a bakin ƙofa ba.

Ta ce, "Umma, ke kina da mu. Anti in ta yi zazzaɓi a can, wa zai dama mata kunu?"