Kazar da Aka Ce Ta Koyi Tono

A gidanmu na Glenwood, can ƙasar Turawa, babu murhu, sai wata tsohuwar hita mai ɗumama ɗaki da Kaka take kira wuta. Bayan magariba muke zagaye ta, ni da ƙanena Salisu. Kaka, mahaifiyar Mama, ta zo daga zangon Kumasi ne bayan rasuwar Baba, don ta riƙe mu. A lokacin gwamnati na ba Mama tallafi, da sharaɗin kullum ta je ajin koyon aiki. Bas biyu take hawa, a koya mata yadda ake gaisawa da mai ɗaukar aiki da yadda ake murmushi.

Wata ranar sanyi numfashin Salisu ya sarƙe. Mama ta kwana biyu da shi a asibiti, ba ta je aji ba. Da ta je ofishin gwamnati, aka ce an dakatar da tallafin. Ta shigo gida ba ta cire takalmi ba, ta wuce ɗaki ta rufe ƙofa.

Yammacin nan Kaka ba ta jira mun roƙe ta tatsuniya ba.

"Ga ta nan, ku matso ku karɓa," ta ce.

Wai an yi shekarar yunwa, dila ne ke riƙe da rumbun gari. Kaza ta je neman tsaba saboda 'ya'yanta. Dila ya ce zai ba ta, amma sai ta riƙa zuwa ƙofarsa kowace safiya ana koya mata tono. Kaza ta ce, "Ranka ya daɗe, tono bai gagare ni ba, ƙasar ce babu komai. Kuma wa zai tsare mini yara?" Dila ya ce wannan ba ruwansa. Haka ta yi ta zuwa. Ran nan shaho ya yi ta shawagi a kan gidanta, sai ta zauna ta rufe 'ya'yanta da fiffike. Washegari dila ya toshe rumbu, ya ce malalaciya ce.

A nan Kaka ta tsaya. Na tambaye ta da Turanci me ya sami dila.

"Yi mini Hausa," ta ce. Na maimaita.

"Babu abin da ya same shi, Zainabu. Ƙiba ya ƙara. Tatsuniya ta ƙare, ku tashi."

Na fashe da kuka, na ce wannan ba tatsuniya ba ce, ai mugu ba ya cin riba. Ba ta lallashe ni ba.

Watan nan shinkafar matan masallaci muka ci. Mama ta koma ajin, don ba ta da zaɓi, ta gama shi. Aikin da ta samu daga baya, na wanki a wani otal, wata Anti ce ta haɗa ta da shi.

Na girma, na haihu, kuma ba na ƙin a koya wa mutum sana'a. Amma har yau idan na ji wani a rediyo yana cewa sai an tilasta wa iyaye mata kafin su motsa, zuciyata tafasa take yi. Mai wannan magana bai taɓa zama a bakin gadon asibiti yana duban agogo, yana tunanin abincin gobe ba. Na daɗe ina jin haushin Kaka da ta hana mu ƙarshe mai daɗi. Yanzu na gane 'yarta ce ke kuka a bayan ƙofa, kuma ba ta ga dalilin da za ta yi mana ƙarya ba.