Ranar da Anka Buga Tambarin Gidanmu

Laraba ce, tsakiyar damina, gero ya wuce kan mutum. Na zo hutun makaranta. Da hantsi ina daka, Inna na tankaɗe, yayana Ummaru ya tafi gona.

Ƙauyenmu na gab da kufan Alkalawa. Gidanmu ke riƙon wani tsohon tambari tun kakanni. Ba a buga shi sai yaƙi ya taso. Duk Bagobiri ya san wannan.

Gab da azahar munka ji mota. Bature ne, da masinja, da 'yan sanda masu bindiga. Wai ana gina ƙaton gidan ajiye kayan tarihi can kudu, suna tara abin da mutane za su kalla. Baba ya ce wannan ba na kallo ba ne. Sunka ture shi, sunka jawo tambarin tsakar gida.

Baturen na son jin ko fatar na da sauran ƙarfi. Na gaya mishi da Turanci kada a taɓa. Ya yaba Turancina. Masinja ya buga.

Sai kururuwa daga gonaki. Maza sunka yo gida da gudu, da baka da gatari. Gari sunka zo karewa, ba su ma san daga wa ba.

"Ku tsaya nan!" in ji ɗan sanda.

"Ku koma! Ba yaƙi ba ne!" in ji Baba.

Ba wanda ya ji. Anka buɗe wuta. Ummaru ne gaba. Ina kallo ya faɗi bakin zaure.

Inna ta fizge ni, munka faɗa cikin gero. Ganye na yankan fuska, harbi na biye da mu. Da la'asar munka tsallake gulbi, ruwa har ƙirji. Kashegari munka ƙetare iyaka, munka shiga ƙasar da Faransa ke mulki, wajen dangin Inna.

Baba ya ƙi barin gawar Ummaru. Nan sunka kama shi, wai shi ya tada gari. Bai fito kurkuku da rai ba.

Da na gama makaranta na je gidan kayan tarihin da sunka gina. Fari ne, da sanyi, ɗaki bayan ɗaki. Ga tambarinmu cikin akwatin gilashi, tsakanin tukwane da wani sirdi. An rubuta ƙarƙashinsa wai kyauta ce daga mutanen Gobir. Mai gadi ya ce in matsa, akwai mutane bayana. Na matsa.

Yanzu tuwon mutum biyu muke tuƙawa, ni da Inna.