Sukari a Makokin Insaf

Da asuba, washegarin binne matarsa, na tarar da Shahhat a bakin tanda yana gasa gurasa kamar kullum. Shekara goma sha tara muna aiki tare a garin Damanhur, ban taɓa jin ya ce ransa ya yi daɗi ko ya ɓaci ba. In ka tambaye shi, sai ya ce cikinsa ya ɗaure.

Na ce, "Kai dutse ne? Jiya fa aka kai Insaf."

Ya ce, "Ƙullu ya tashi, zai lalace."

Da la'asar aka zauna a rumfar makoki. Kowa ya san gahawar makoki ba ta da sukari, mai zaƙi ta biki ce. Shahhat ya karɓi butar da hannunsa ya antaya mata sukari. Mutane suka kurɓa, suka ajiye, suka kalli juna. 'Yarsa tilo, Najat, ta fito daga wajen mata.

"Baba, murna kake yi? Ka ce mini mutuwarta ta yi maka zafi, ko sau ɗaya!"

Ya ajiye butar. "Haka take son gahawarta," in ji shi. "Ƙirjina dai ya yi nauyi. Ƙila waken safe ne."

Ta koma gidan mijinta a Iskandariya, ta daina ɗaukar wayarsa. Mijin, wanda ya yi boko, ya ce ciwo ne, irin na masu ƙeƙasasshiyar zuciya da ba sa tausayin kowa. Ni ban yi karatu ba. Na dai ga shekara ukun da Insaf ta yi a kwance. Shahhat ke juya ta, shi ke wanke ta, ko gyambo ɗaya bai fito mata ba.

Wani likita ya gaya wa Shahhat akwai masu jin abu a jiki amma ba su san sunansa ba. Ya dawo yana mita, wai ko ƙwaya bai ba shi ba.

Na ce, "Kira Najat ka yi kukan ƙarya mana, wawa."

"Ban iya ba."

Bayana ya gaza, na bar aikin. Ganina da shi na ƙarshe wata Juma'a ce a tashar jirgin ƙasa, riƙe da gurasa mai ɗumi ƙunshe a mayafin Insaf. Ya ce duk mako yana ajiyewa a ƙofar Najat.

"Tana buɗe maka?"

"A'a. Amma in na zagayo, mayafin nakan same shi a ninke a bakin ƙofa."

Ya gyara ƙunshin a hammata, ya hau jirgin.