Ranar da Aka Mayar da Goron Biko

Yayata ce 'yar fari a gidanmu, kuma wannan shi ya kusa kai ta kabari. A wajenmu uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta shiga faɗansa, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane. Inna kuwa ta riƙe wannan kunya da hannu bibbiyu. Tun muna yara a Gwarzo, in Yaya ta faɗi ta fasa gwiwa, maƙwabciya ce ke zuwa ta ɗaga ta. Baba ma haka yake. In aka kawo masa ƙarar Yaya, tun kafin a gama magana ya ba ta rashin gaskiya.

Ta yi aure a wani ƙauye a ƙasar Kabo. Mijin mai injin niƙa ne, kuma ita ta ce tana so. In kin gan shi a waje sai ki rantse ko yatsa aka sa masa a baki ba zai ciza ba. Ni na ga halinsa da idona wata kaka da na je mata kwana biyu. Akuya ta sa baki a masarar da aka kawo niƙa, shi ke nan laifin. Ya shigo da tsohon bel ɗin inji, ya ninka shi biyu, ya rufe ta da duka a tsakar gida, rana tsaka. Da ta faɗi ya take mata wuya, ya ci gaba da zuba mata har rigarta ta tsage, jini ya biyo. Na ɗauki muciya na yi kansa, ya hankaɗe ni na bugu da turmi. Har yau haƙorina na gaba a guntule yake.

Ta yi yaji, muka taho tare. Ba a rufa mako ba sai ga biko: kawun mijin, dattijo, aminin Baba tun suna samari, ya zo da goro a ƙunshi da ban haƙuri. Aka zauna a zaure, maza zalla. Ba wanda ya ce a kira ta, balle a ga bayanta. Baba ya karɓi goro, ya ce ai zaman aure ɗan haƙuri ne, ita ce ba ta da kunnen jin magana. Inna tana ɗaki tana tsince shinkafa. Na ce mata ta zo ta ga abin da aka yi wa 'yarta, ta ce in rufe mata baki, ba ta son rashin kunya. Haka aka yi ta yi: duka, yaji, goro, a mayar.

A yajin ƙarshe, wani ɗan acaɓa ne ya kawo ta gidana da hantsi, lokacin ni ma na yi aure. Ban gane ta ba. Ido ɗaya a rufe, leɓe a fashe, kunne yana zubar da jini, hannun hagu yana lilo. Zanenta ya jiƙe sharkaf da jini. Cikin da take ɗauke da shi ya zube a hanya, don a mara mijin ya yi ta harbin ta da ƙafa. Wallahi da a lokacin na gan shi, da sai dai a ji ni a gidan yari.

A asibiti wata nas ta ja ni gefe, ta ce akwai wata Hajiya a sashen walwalar jama'a na ƙaramar hukuma, irin wannan aikinta ne. Na je ina huci. Na tarar da 'yar ƙaramar mace a ɗaki mai benci ɗaya. Ta bar ni na gama zage-zagena tas, sannan ta tambaye ni me ya sa iyayenmu ke mayar da ita. Da na ce 'yar fari ce, sai ta gyaɗa kai. Ta ce ba ta da ɗakin da za ta ajiye mace ko kwana ɗaya, ta daɗe tana roƙon a ba ta. Abin da take da shi shi ne likita ya rubuta raunukan, a sanar da mai unguwa da 'yan sanda, in Yaya ta yarda a je kotu. Amma duk wannan banza ne, in ji ta, muddin gidan ubanta zai sake miƙa ta.

Da aka sallami Yaya muka kai ta gidan su Inna. Washegari aka aiko cewa masu biko na nan tafe bayan azahar. Hajiya ta riga su zuwa, a kan acaɓa, da ledar auduga da magani. Ta durƙusa ta gaida Inna, gaisuwa mai tsawo, har da tambayar kaji. Ba ta ambaci Yaya ba ko kaɗan. Sai ta ce za ta wanke wa wata mara lafiya ciwo a ɗakin can, ga shi ba mai riƙe mata ruwa.

"Inna, ba 'yarki za ki duba ba," in ji ta. "Ni baƙuwarki za ki taya."

Baƙo ba a ƙi masa taimako. Inna ta ɗauki kwanon ruwan zafi ta bi ta, kanta a sunkuye. Hajiya ta yaye mayafin. Bayan Yaya ba masaka tsinke: sabon sawun bel a kan tsoho, wani ya warke ya yi baƙi, wani yana ruwa, ga shatin dutsen guga a kafaɗa wanda ni kaina ban san da shi ba.  Inna ta ɗago kai ta duba. Ta tsaya har aka gama.

Masu biko suka iso, aka shimfiɗa tabarma a zaure, mai unguwa ma ya zo. Ina laɓe ina jin dattijon yana cewa sharrin Shaiɗan ne, yaron ya yi nadama. Baba ya fara gyaran murya irin wadda na sani. Sai ga Inna ta wuce ni. Matar da ban taɓa ganin ta leƙa zaure da maza a ciki ba, ta shiga, ta shimfiɗa zanen nan mai busasshen jini a kan ƙunshin goron.

"Malam, ga jikanka," ta ce da Baba. "In za ka mayar da ita, haɗa da wannan."

 Baba ya daɗe yana kallon zanen. Can ya ture goron da bayan hannu zuwa gaban amininsa, ya ce a gaya wa yaron su haɗu a gaban alƙali. Dattijon ya tashi ba sallama. Daga ranar ba su ƙara gaisawa ba.

Na ruga ɗaki in gaya wa Yaya. Na same ta a bakin gado, ta sa hijabi, ta ɗaure kayanta a zane da hannu ɗaya, tana jiran a ce ta fito. Na ce sun tafi, ba inda za ta. Ta dube ni da idon da ke buɗe, ba ta yarda ba. Haka ta zauna rungume da ƙullin har aka kira la'asar. Sai Inna ta shigo, ta durƙusa a gabanta, ta zare ƙullin daga hannunta, ta fara kwancewa.