Warin Man Gelo a Ƙarƙashin Motar Baba

Wata Asabar da hantsi, cikin daminar 1974, ina zaune a kan reshen gwaibar da ke bayan gidanmu a Unguwar Sarki da littafi a cinyata, na hango Malam Isiyaku direba ya fito daga ɗakinsa da wani abu naɗe cikin tsumma. Ya duba hagu, ya duba dama, sannan ya shimfiɗa buhu ya shige ƙarƙashin motar Baba ta wajen ƙafafun baya. An yi ruwa da asuba, ƙannena suna can ƙofar gida suna tare ruwa da laka suna sakin jiragen takarda. Ni kaɗai na ga ya warware tsumman, ya fito da wani tsohon gwangwani da rubutun jikinsa ya goge, ya shiga ɗura abin da ke ciki a tukunyar aksul, wato dunƙulen ƙarfen nan da ke tsakanin ƙafafun baya. Da iska ta kaɗo sai wani wari ya bugi hancina. Warin man gelo ne. Ba yaron gidanmu da zai manta da shi, domin duk ƙarshen wata Inna kan jera mu, ta toshe mana hanci ta ɗura mana cokali guda, ta bi da ɓarin lemo.

A lokacin ina aji shida na firamare, yarinya ce ni marar magana. In baƙo ya yi sallama sai in ɓuya bayan randa. 'Yan matan layinmu suna carafke da gala-gala, ni ina gefe ina kwafe sababbin kalmomi daga ƙamus cikin wani ɗan littafi mai jan bango, kowace da ranar da na same ta. Baba ma'aikacin gwamnati ne a Doka. A farkon shekarar ya sayi motar, ƙirar Faransa, fara mai ƙofa huɗu, hannun wani Bature da zai koma ƙasarsu. Malam Isiyaku, Bakatsine dogo mai furfura a gemu, shekara bakwai yana tuƙa wa Baturen, don haka da mota da direba tare suka shigo gidanmu. Shi ma ba mai surutu ba ne. In ya gan ni da littafi sai ya ce, "Malama, a yi mana addu'a," ya wuce.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, sati guda kafin nan a gabana Baba ya miƙa masa sabon galan na man giya mai kauri, lamba casa'in, ya ce a zuba a giya da aksul duka, kamar yadda abokansa na ofis suke yi wa nasu motocin. To ina wannan galan yake? Me kuma ya kai maganin wanke ciki cikin mota? Na shiga sa masa ido. Ina shara ina kallonsa, ina wanke-wanke ina kallonsa, ina rubuta lokacin fitarsa da na dawowarsa a bayan littafin kalmomina. Har yadda yake rufe ɗakinsa da kwaɗo in zai yi alwala ya zame mini abin tuhuma. Ran nan muna tsince shinkafa, maganar ta fi ƙarfina, na faɗa wa Inna can ƙasa-ƙasa.

Kafin magariba gidan ya ɗauka. Inna ta ce ita dai ba ta taɓa jin an shayar da mota magani ba sai in da wata manufa, ta hana ƙannena shiga motar. Kawu Sule, ƙanen Baba da ke zaune tare da mu yana neman aiki, ya ce ba wani asiri, mutumin ya ɓoye mai na gaske ne zai kai kasuwa, ya cika wa mota tarkace. "Ka ga mutum shiru-shiru haka, ka ji tsoronsa," in ji shi, bai ko lura da cewa ni ma haka nake ba. Ranar Juma'a, da Malam Isiyaku ya tafi masallaci, Kawu ya ɓalle kwaɗon ɗakinsa. Ga galan ɗin Baba ƙarƙashin gado, ko buɗe shi ba a yi ba.

Baba ya kira direban tsakar gida, galan a gabansa. Malam Isiyaku ya dubi galan, ya dubi ƙofar ɗakinsa da ke buɗe. Can ya ce, "Ranka shi daɗe, motar nan ba ta shan wanga mai. Giya baƙin man inji take sha, baya kuma nata daban ne. Na faɗa maka, ka ce in yi yadda ka ce, ni kuwa ban iya kashe ta da hannuna ba." Baba ya tambaye shi inda aka rubuta haka. Ya ce shi bai yi boko ba, abin da ya gani ana yi ke nan. Kawu ya yi dariya. Baba ya karɓe makullin mota, ya ce Asabar ta mako mai zuwa makaniki zai zo ya juye duk abin da ke ciki ya zuba na galan, shi kuma Malam Isiyaku ya nemi wani wuri.

Na yi zaton zan ji daɗi, sai abinci ya ƙi shiga. Kalmar Baba ce ta riƙa yi mini yawo: ina aka rubuta? Na tuna da wani littafi mai tabon yatsu da na taɓa gani a aljihun gaban mota. Na roƙi Inna makulli da sunan zan share kujeru, na ɗauko shi cikin zanena. Kwana huɗu, daga na dawo makaranta na gama aikina, sai in hau gwaiba da shi da ƙamus. Turancinsa ba irin na ajinmu ba ne, layi ɗaya kan ci mini rabin awa. Ranar Alhamis na iso shafin mai. Giya, in ji littafin, man inji ake zuba mata. Aksul na baya kuwa akwai wani faifan tagulla mai haƙora a cikinsa, man tsiro aka zuba masa tun daga masana'anta, kuma an ja layi ƙarƙashin gargaɗin kada a gauraya shi da wani mai. Na bi sunan tsiron a ƙamus. Zurma ce, wadda ake man gelo da ita. Na sake dubawa har sau uku, domin na fi so a ce ni ce ban gane ba.

Juma'a ta wuce ban iya tunkarar Baba ba. Asabar da safe Garba makaniki ya iso da tasa da sufana, ya kwanta ƙarƙashin motar. Malam Isiyaku yana tsaye nesa, ƙunshin kayansa a gefe. Da na ji ƙarar sufana a jikin ƙarfe sai kawai na gan ni durƙushe gaban Baba, littafin a buɗe, ina karantawa ina fassarawa. Garba ya leƙo ya ce, "Yallaɓai, mai ai mai ne. Yarinya ce za ta koya mana aiki?" Baba bai kula shi ba. Ya sa tabarau, ya bi layin da yatsa, ya koma farko ya sake bi. Sannan ya ce, "Garba, fito." Ya taka da kansa har inda Malam Isiyaku yake, ya miƙa masa makulli da hannu biyu, ya ce, "Malam, ka yi haƙuri."

Ya karɓa, ya kwance kayansa, ya ci gaba da kai Baba ofis har watan ya ƙare. Ya nuna wa Kawu Sule kantin da ake samun man aksul a cikin gari, ya sa ni na rubuta sunan man a takarda aka liƙa cikin mota. Daga nan ya yi sallama, ya ce ya samu tuƙin babbar mota a wajen Mando. Baba ya roƙe shi ya zauna, shi kuwa ya ce ba komai wallahi, sai dai barci ba ya ɗaukarsa a ɗakin da aka taɓa bincikewa. Bai taɓa tambayar wanda ya fara kai maganarsa ba, ni kuma ban samu bakin faɗa masa ba.

Yau motata mai canza giya da kanta ce, man giya ya zama iri-iri, ja da kore da ruwan zuma, kuma jikata kan nemo mini wanda ya dace a waya kafin makaniki ya gama gaisuwa. Har yanzu ba na yarda a zuba komai sai na karanta da idona. Amma direbobin da ke sanin mota da hanci da kunne, su ƙi umarnin maigida don kada ta lalace, sun yi ƙaranci. Takarda ta wanke Malam Isiyaku, sai dai ba ta zaunar da shi a gidanmu ba.