Dattijuwar da Ta Hana Dangwale

A wani asibiti a Unguwar Rimi, Asabe na rungume da ɗanta, za ta dangwala yatsa a takardar wani kamfanin ƙasar waje mai gwajin sabon magani. Sai wata dattijuwa siririya, gilashinta ɗaure da zare, ta dafe takardar.

"Dakata, 'yata. Doka ta ce sai an karanta miki."

Wakilin kamfanin na ta duban agogo, ita kuwa tana fassarawa a tsanake, har inda aka ce uwa na iya ƙin yarda.

Wataƙila tsohuwar nas ce. Wataƙila ita ma ta taɓa dangwalawa cikin rashin sani.

Asabe ta goya ɗanta, ta durƙusa.

"Allah ya saka da alheri, Mama. Sai na yi shawara."